Faɗi lambata da ka

Duk wanda ya taɓa kiran Kawu Sambo a waya ya san ba a samun gaisuwa a ɓagas. Kana yin sallama zai amsa, sai ya ce, "Faɗi lambata da ka." In ka fara in-ina ko ya ji alamar kana leƙen fuskar wayar, ƙit zai kashe. Ni 'yar ƙanwarsa ce, a gidansa na zauna lokacin da na fara aiki a Abuja, saboda haka na sha wannan ƙit ɗin har na ƙoshi, daga baya na haddace don dole.

Ma'aikacin gwamnati ne da ya yi boko mai zurfi, ba ƙauyanci ke damunsa ba. Cewa yake waya ta mayar da kawunan mutane kwando, ka zuba ya zube. A tasa wayar ko suna ɗaya bai ajiye ba. Mu muna dariya, amma mun san tushen abin. Kakarmu, mahaifiyarsa, ta tsufa ta rikice, har wata rana ya durƙusa gaishe ta ta ce masa, "Bawan Allah, daga ina?" Tun daga ranar babu abin da Kawu yake tsoro a duniya kamar mantuwa.

Mutum ɗaya ce ta taɓa kayar da shi, matarsa Anti Jummai. Ta kira shi yana hanyar dawowa daga ofis, ya ɗauko mata tsohon karatunsa. Ina kusa da ita ina yanka albasa.

"Faɗi lambata da ka."

"Zan faɗa, Alhaji. Kai fara faɗo min abin da na ce ka sayo da safe."

Can sai muka ji ya ce, "Jummai, ba na jin ki sosai, layin nan ba kyau." Ya dawo gida da rake da man goge takalmi, alhali kifi aka aike shi.

Ku da kuka je sunan ɗan Yaya Nura ba sai na tuna muku ba. Wani matashin malami ne yake jan addu'a yana karantowa daga waya, mu muna ta amin, sai caji ya ƙare. Malam ya tsaya cak, hannuwan jama'a a sama. Kawu ya jira, ya jira, sannan ya ce cikin ladabi, "Allah gafarta malam, mu shafa ne, ko a kawo caja?" Shi ya ƙarasa addu'ar, kuma don mugunta ya ja ta har hannuwanmu suka yi tsami.

Babbar abokiyar gabarsa kuwa ita ce matar nan mai nuna hanya a waya. Ranar da za mu biki a Masaka, yana tuƙi ina gefensa, na kunna ta don gudun cunkoson Nyanya. Tana cewa a bi dama ya dube ni.

"Wannan 'yar gidan wa ce?"

"Kawu, taswira ce."

"Lokacin da na zo garin nan, nan duk gonar doya ce. Ina take a lokacin?"

Ya karya kan mota hagu, wai akwai wata ɓarauniyar hanya da ya sani tun yana saurayi. Matar tana ta roƙon a juya, shi yana ce mata ta kama kanta. Muka yi ta gararamba har muka ci karo da katanga da ƙatuwar ƙofa. Wata Bagwariya mai sayar da doya a gindin katangar ta leƙo ta taga ta ce, "Oga, wannan hanya ya mutu tuntuni, an yi gida a kansa." Na cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce. Kawu ya gyara hula ya ce, "Kin gani ko? Ba ni na manta ba, Abuja ce ta manta kanta." Mun isa Masaka ana tattara kujeru, ko ƙashin kaza ba mu samu ba.

Abin da yake tsoron bai fasa zuwa ba. Bayan ya yi ritaya ya fara neman makullin da ke hannunsa, ya fara kirana da sunan mahaifiyata. Wata safiya ya fita sayen burodi, har azahar babu shi. Allah ya taimaka Anti Jummai ta sa an haɗa wayarsa da tata a ɓoye, aka duba, sai ga shi can Dei-Dei. Muka tarar da shi zaune a benci cikin dillalan shanu, sun ba shi ruwa, shi bai san abin da ya kawo shi ba. A mota ya tambaya wa ya faɗa mana inda yake.

Na ce, "Matar nan ta cikin waya, Kawu."

Ya kalli titi ya ce, "Ashe tana da zumunci. Ku gaishe ta."

Na yi dariya, hawaye na zuba, ban ma ɓoye ba.

Zuwana na ƙarshe yana kwance a ɗakinsa. Na gaishe shi, ya dube ni da irin kallon da Kaka ta yi masa, na ga tsoro ƙarara a idonsa, zuciyata ta karye. Sai kawai na kama hannunsa na karanto lambar nan, tiryan-tiryan, ba tuntuɓe. Ya saurara har na kai ƙarshe.

"Ta wa ce wannan?"

"Taka ce, Kawu."

Ya damƙe hannuna ya ce, "To ke tawa ce ke nan."

Yau ko lambar mijina sai na duba waya. Tasa kaɗai ce a kaina, kuma babu mai ɗauka. Allah Ya jiƙan Kawu Sambo, Ya haskaka kabarinsa, Ya sada shi da Kaka a inda za ta gane shi tun daga nesa.