Mahmuda Mai Hoto da Ruwan Arikya

Duk wanda ya zauna a Lafia a shekarun da garin ya zama babban birnin jiha ya san Mahmuda mai hoto, ko da bai san sunansa ba. Siriri ne mai saurin tafiya, kyamararsa rataye a wuya cikin wata jakar fata da ta ga duniya. Bagwandare ne, ɗan manoma, amma tun yana saurayi ya gane shi da fartanya ba za su shirya ba, saboda macizan da ke fakewa a ciyawar gona. Matsoraci ne na ƙin ƙarawa. Yana tsoron kare, yana tsoron tsawa, ruwa kuwa in ya wuce gwiwa to ba da shi ba. Shi da kansa yake ba da labarin tsoronsa ana dariya, bai taɓa jin haushi ba.

A wajen wani Vincent ya koyi aikin, mutumin Makurɗi mai situdiyo a bayan kasuwa. Da aka ba da jiha a 1996, ma'aikata suka cika gari, kowa yana son ya aika wa 'yan'uwansa hoto su ga inda Allah ya kai shi. Mahmuda ba shi da ɗaki, ba shi da labulen nan mai zanen bene da jirgin sama da ake tsayawa a gabansa. Sai ya riƙa kwasar mutane a bayan mashin yana kai su waje. Akwai wata gonar mangwaro a hanyar Agyaragu inda hasken hantsi ke ratsowa ta cikin ganye ya sauka a fuskar mutum. Akwai layin dogo, inda samari ke son su zauna su harɗe ƙafa. Akwai filayen Azuba kafin gidaje su cinye su. Wanda ya fi so duk cikinsu shi ne wani faffaɗan dutse a tsakiyar rafi ta wajen Arikya, inda duwatsun Eggon ke fitowa a bayan mutum shuɗi-shuɗi. Da wannan sana'ar ya yi aure, ya ciyar da iyali, har wajen 2010 da wayoyi masu ɗaukar hoto suka fara rage masa kasuwa.

Kafin ya tsayar da kowa sai ya bubbuga ciyawar wurin da sanda. A layin dogo har kunne yake kafawa a jikin ƙarfen, ko da an yi wata ba a ga jirgi ba. Amma da zarar ya rufe ido ɗaya ya kafa ɗayan a kyamara, tsoron nan duk sai ya bar shi. Ba ya ji, ba ya gani, sai fuskar da ke gabansa. Wannan ita ce gwanintarsa, kuma ita ce ta sa ya ɗora 'yar mutane a tsakiyar rafi a daminar 2003.

Ikilima ce ta jawo tafiyar. Bafillatana ce, matar wani makiyayi mai suna Wakili, rugarsu ta daɗe da zama kusa da Arikya, kuma tana kawo nono Lafia kusan kullum. Wata rana ta tsayar da shi a gindin bishiyar da masu nono suke zama, ta ja shi gefe, ta ce tana son ya ɗauki hoton sabuwar ƙwaryarta mai zane. Ya yi dariya, ya ce shi bai taɓa ganin ƙwarya ta yi murmushi ba. Ta sunkuyar da kai ta ce akwai wata yarinya a gidansu da za ta riƙe.

Nan ya daina dariya, don ya gane. Bafillatana ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta zura mata ido a gaban mutane, ba ta nuna tana son ta. Daga bakin sauran masu nonon ya ji ragowar zancen: yarinyar shekararta shida, kuma ranar Juma'a kakarta za ta tafi da ita can ƙetaren Binuwai, za ta riƙe ta har ta girma. Ikilima ba za ta iya cewa a bar mata ita ba, ba za ta ma iya cewa tana son hotonta ba. A ruga kuwa abin ba zai yiwu ba, ga surukarta zaune. Shi ya sa ta zaɓi rafin da suke wanke ƙore. Tausayinta ya kama Mahmuda, ya ce ranar Laraba yana tafe.

Ranar ta zo da rana tarwai. Can saman duwatsu ne kawai hadari ya yi baƙi, shi kuwa da ya hango sai murna ta kama shi, wai bayan hoton zai yi kyau. Ruwan rafin garau yake, iya idon sawu, ana ganin tsakuwa a ƙasa. Ya naɗe wando, ya riƙe hannun yarinyar ya kai ta kan dutsen, taku kamar ashirin daga gaɓa. An yi mata kitso sabo, an sa mata ɗankunne da ya fi ƙarfin kunnenta. Ya tambayi sunanta. Ta dubi uwar, uwar ta dubi ƙasa kamar ba da su ake ba. Ya ƙyale, ya zaunar da ita, ya ɗora mata ƙwaryar a cinya, ya ce kada ta motsa sai ya ce. Ikilima ta maimaita mata da Fulatanci a gajarce, fuskarta a wani wuri, sai ka ce da iska take magana.

Ya koma gaɓa ya kafa ido. Ikilima ta tsaya can gefe ta juya fuskarta sama da rafin, don kada a ce tana kallon 'yarta. Saboda haka ita ta fara gani. Busassun ganye suka fara wucewa, sai ƙirare, sai ruwan ya soma rinewa kamar an dama koko.

"Mai hoto," ta ce a hankali, "ruwa ya canja fa."

"Saura ɗaya, Adda. Bari ta yi dariya tukuna."

Ya ɗauka sau biyu, yarinyar ta ƙi sakin fuska, shi kuma ya rantse a ransa ba zai ba uwar nan hoton ɗaure fuska ta ajiye shekara da shekaru ba. Ya yi kukan akuya, ya karkace baki, ya tsaya da ƙafa ɗaya. Can sai ta saki murmushi, haƙoranta biyu na gaba babu. Ya danna. Da ya sauke kyamarar ne kunnensa ya buɗe, ya ji wani ruri kamar tirela tana hawa gada.

Ya juya ya dubi saman rafin. Ruwan sama ne ya sauka can kan duwatsu, ya taru ya gangaro gaba ɗaya, ja wur, ɗauke da itatuwa. Tsakuwar da ya taka ɗazu ta ɓace. Kafin ya haɗiye yawu ruwan ya kewaye dutsen yana lasar gefensa.

"Yarinya! Sauko! Zo nan!"

Ko gezau. Ta ƙanƙame ƙwaryar, idonta a kansa, hawaye na zuba amma ba ta yi kuka ba. Uwarta ta ce kada ta motsa, kuma a rayuwarta maganar da uwar ta taɓa yi mata ba ta da yawa. Shi kuwa ba shi da sunan da zai kira ta da shi.

A nan ya kamata a ce Mahmuda ya faɗa ruwan. Bai faɗa ba. Ƙafafunsa suka ƙi ɗaguwa, ya yi mutuwar tsaye, bakinsa yana salati yana sarƙewa. Shi ya kai ta can da hannunsa, ya sani, kuma sanin bai motsa shi ko taku ɗaya ba.

Ikilima ce ta shiga. Ruwan ya kama ta a gwiwa, ya hau ƙugu, ya fara karkatar da ita. Ta kai gindin dutsen ta ƙasa ta kama gefensa, amma santsi ya hana ta hawa, kuma yarinyar tana can tsakiya, hannu ba ya kaiwa. Sama da su wani gungumen ice ya taho yana juyi, kansa ya nufo dutsen. Ta ce "ke", ta sake cewa "ke", rurin ruwan ya haɗiye muryar. Sai ta buɗe baki iyakar ƙarfinta.

"Sharifa!"

Yarinyar ta zabura kamar an mare ta. Tunda aka haife ta ba ta taɓa jin sunan nan daga bakin nan ba. Ta saki ƙwaryar, ta rarrafo, ta faɗa ƙirjin uwarta. Icen ya daki dutsen daidai inda ta tashi, ruwan ya haye kansa, ya yi gaba da su biyun.

Abin da ya faru bayan nan Mahmuda bai taɓa iya jera shi daidai ba. Ya tuna yana gudu a gaɓa yana ihu, ƙaya tana yagar ƙafarsa. Ya tuna wata bishiya da ta kwanto kan rafin, saiwarta a waje. Ya tsinci kansa cikin ruwa iya ƙirji, hannu ɗaya a saiwar, ɗayan ya damƙi zanen Ikilima, yana ja yana kuka wiwi kamar shi ne ruwan ya ci. Yadda suka fito, Allah ne kaɗai ya sani.

Sharifa ta amayar da ruwa, goshinta ya fashe kaɗan. Ikilima ba ta rungume ta ba. Ta matse zanenta, ta ɗaura, ta faɗa wa iska da Fulatanci cewa a wuce gida. Ba ta zarge shi ba, ba ta kuma gode masa ba. Abin da ta roƙa kawai kada maganar ta kai ruga. Da ya koma neman kyamararsa ya same ta a kan ciyawa cikin jakarta, a rufe tsaf. Ashe kafin ya yi gudun ceto sai da ya tsaya ya adana ta. Kunyar wannan ta fi komai cin ransa.

Kwana uku ya yi yana zazzaɓi. Duk Bafillacen da ya gilma ta ƙofar gidansa da sanda a kafaɗa sai ya ce Wakili ne ya zo. Babu wanda ya zo. Ranar Litinin Vincent ya dawo daga Makurɗi da wankin fim, ya miƙa masa nasa, yana cewa wannan na yarinyar fa ya fito fes, amma mene ne wannan a bayansa?

Mahmuda ya karɓa. Bai taɓa ɗaukar hoto mai kyansa ba: murmushin, kitson, duwatsun a can nesa. Amma a bayan kafaɗarta ta hagu ga ruwan nan ya taso ja, ya cika rabin hoton, har kan icen ana gani. Cikin idonsa ruwan ya shigo, shi kuwa yana kallonsa, yana kukan akuya. Sai da ya zauna a ƙasa.

Ya yi tunanin ya ce fim ɗin ya ƙone. Amma an tafi da yarinyar tun Juma'a, kuma duk duniya babu wani hoton nata da take murmushi sai wannan. Washegari ya je gindin bishiyar, ya miƙa wa Ikilima a cikin ambulan. Ta juya wa sauran matan baya, ta kare hoton da tafin hannu, ta daɗe tana kallo. Sannan ta tambaye shi ko yana da reza. Ya ciro daga jaka ya ba ta. Ta ɗora hoton a kan faifai, ta bi gefen kafaɗar 'yarta a hankali ta yanke, daga sama har ƙasa. Ɓangaren yarinyar ta cusa a cikin rigarta. Ɗayan, mai ruwan, ta miƙa masa.

"Wannan naka ne, Malam," ta ce.

Ta ɗauki kayan nononta ta ɗora a kai, ta shiga kasuwa. Ya tsaya a wurin mutane suna ture shi, ruwan yana hannunsa, ya rasa inda zai ajiye shi.