Injin da Na Haɗa Don Wani Ya Ji

Edita, ina yi maka sallama, ina kuma roƙon a ɓoye sunana. Ni bakanike ne a Gumel. A shekarun da zan ba da labarinsu, in ana maganar haɗa inji daga nan har bakin iyaka, ni ake fara ambata. Ina da hannu, wannan ba yabon kai ba ne, sai dai ina da son a faɗa. Direba ya karɓi motarsa ya tafi bai yaba aikin ba, sai in wuni ina cika ina batsewa.

Akwai wani da muka koyi aiki a gareji ɗaya, ƙanen bayana ne, ni na nuna masa yadda ake riƙe sifana. Ya tafi Damagaram ya yi 'yan shekaru, ya dawo ya kafa rumfarsa a Maigatari. Kafin wani lokaci direbobin da ke shiga ƙauyuka suka koma kai masa motocinsu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a kan bencina za su zauna suna ba ni labarin yadda injin da ya haɗa ke ratsa yashi da kaya niƙi-niƙi ko gezau. Sai in yi dariyar yaƙe in ce ai yarona ne. In motar da ya taɓa ta wuce ta ƙofar garejina, nakan ajiye aiki in kasa kunne ko zan ji wani aibu. Ba na ji, kuma rashin jin ya fi komai ci mini rai.

Ana haka sai mijin ƙanwata, wanda ya daɗe yana tuƙa motar mutane, ya sayar da shanun huɗarsa ya sayi wata tsohuwar mota mai gajiyayyen inji. Niyyarsa ya riƙa kwaso fasinja da buhunan riɗi da zoɓo daga ƙauyukan bayan Ɗanzomo zuwa kasuwar Maigatari. Shanun nan su ne duk abin da ya mallaka, don haka cin gidansa da na ƙanwata ya koma kan motar. Ya kawo mini ita in haɗa injin, amma da yake mutum ne mai farar zuciya, sai ya faɗa mini ya fara biyawa ta wajen yaron nan nawa na Maigatari neman shawara. Wai an ce masa a sa kamshaf mai matsakaicin tozo, wato sandar nan da ke buɗe bawul tana rufewa, domin mota ta ja tun daga ƙasa ba sai an matse totur ba. An kuma ce a bar mata dogon bututun shan iska da tukunyar tace ƙasa yadda suke.

Wallahi na san shawarar daidai ce, da ni aka fara tambaya ita zan bayar. Amma surukina na kaina ya tsallake ni ya je wajen wanda na raina? Nan take na ce masa wannan haɗin tsofaffi ne, ya bari ya ga aikin manya. Na je Kano na samo kamshaf mai dogon tozo irin na motocin tsere, wanda ke barin bawul a buɗe ya daɗe, ƙarfinsa ba ya fitowa sai inji ya kai ƙarshen kukansa. Na datse bututun iska, na cire tukunyar na wurgar, na ɗaura 'yar raga a bakin kafireta don ta sha iska son ranta. Ranar da na tayar da ita, masu shago suka fito kallo. A tsaye tana wani irin gurnani tana girgiza, da muka hau kwalta zuwa Gagarawa Tasha kuwa babu motar da ta ga ƙeyarmu. Surukina sai murna yake yana sa mini albarka.

Ranar kasuwa na sa shi ya kai ni Maigatari ba don ina da abin saye ba, na ce ya bi ta gaban rumfar mutumin ya ɗan taka totur. Mutumin ya fito yana goge hannu, ya gaishe ni da ladabi kamar yadda ya saba, ya buɗe gaban motar ya duba. Sai ya ja ni gefe ya ce, “Yaya, wannan injin kwalta ne, shi kuwa yashi zai shiga da buhuna. Ko ba ka sauya komai ba, don Allah ka mayar masa da tukunyar.” Na dube shi sama da ƙasa na tafi. A hanya na hure wa surukina kunne, na ce baƙin ciki ne ke cin yaron, ya ga abin da ba zai iya ba. Cutar da ke cikina ita na ɗora wa bawan Allah.

Da surukina ya fara shiga ƙauye, abin ya bayyana. In ta yi lodi ta shiga yashi sai ta mutu, dole ya matse totur yana wasa da kuloci har ƙauri ya tashi. Fasinja suka gaji da sauka suna turi, masu buhuna suka koma wajen wasu. Ya dawo mini da ƙorafi a kunyace, na san maganin, amma gyarawa na nufin in yarda na Maigatari ya fi ni gaskiya. Sai na ce ƙafarsa ce ba ta saba da babban inji ba. Ƙasa kuwa tana ta shiga ta ragar nan tana cin fistin da zobba. Mota ta fara hayaƙi tana shan baƙin mai, kafin kakar ta ƙare inji ya buga. Da aka buɗe babu abin ɗauka a ciki, ƙarshenta 'yan gwangwan suka saya.

Da damina ta faɗi na je ƙauyensu, na same shi a gona yana huɗa da hannu, maƙwabtansa na bin bayan shanunsu. Ƙanwata ta rame, ita ta kawo mini ruwa. Shi kuwa ya ajiye garma ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, “Yaya, ai ka yi iya ƙoƙarinka, ni ne ban iya riƙe ta ba.” Na buɗe baki in faɗa masa gaskiya, sai na ɓige da tambayarsa ya damina.

'Yan'uwana masu sana'a, kafin ka zaɓa wa inji kamshaf ko bututu, tambayi hanyar da motar za ta bi da kayan da za ta ɗauka, ka kuma tambayi zuciyarka don wa kake aikin. Ni ban haɗa wa mai motar ba, na haɗa ne don wani ya ji ƙara ya ji haushi. Shi wancan yana nan a rumfarsa babu abin da ya rage masa. Wanda hassadata ta kayar shi ne wanda ya yarda da ni, kuma har yau yana zaton laifin ƙafarsa ne.