Jan Hannu da Alewar Baƙi

Jan Hannu ake ce mata a kamfanin alewa, domin tun rasuwar mijinta take tsaye gaban injin naɗi, har rinin alewar ya kama mata yatsu. Ko alwala ba ta fitar da shi. Mace ce marar hayaniya. Abin da ya fi faranta mata a aikin shi ne gutsattsarin da ake bar wa ma'aikata. Takan ƙulle a bakin mayafi ta kai wa jikarta marainiya, yarinyar ta tsotsa ta zaro harshe jawur, su yi ta dariya.

Wata safiya ta tarar ana dirje tukunyar kwaɓi da ruwan zafi, an kulle jarkokin rini a sito. Alewar ranar ta fito fara fat, kamar mai jinya.

"Mai Kwaɓi, yau mantuwa ka yi?"

"Wace mantuwa, Iya? Ta baƙi ce, ƙetare za a kai. Can hukumarsu ta hana rinin nan, wai bai dace da cikin yara ba. Ko ɗigo suka gani, sai su maido mana kayanmu."

"To, mu fa?"

"Mu tamu dokar ba ta hana ba. Ai cikin 'ya'yanmu na ƙarfe ne," ya faɗa yana dariya.

Ita kam tukunyar ta tsura wa ido. Tukunya ɗaya, ma'aikata ɗaya, amma an san waɗanda ake wanke wa. Ashe abin da wasu suka ƙi bai wa 'ya'yansu ne take ɗauka shekara da shekaru, har da bisimilla, tana sa wa tata a baki. Tir!

Daga ranar ta daina kwasar ja, sai ta baƙi.

Jikar ta lasa ta yamutsa fuska. "Kaka, wannan ba ta da jini. Ni ja nake so."

"Sha, uwar tsiwa, irin ta 'ya'yan gata ce."

Washegari ta taso daga aiki ta iske yarinyar a ƙofar gida, baki jawur. Maƙwabciya ce ta saya mata a shagon tsallake, don tausayi. Jan Hannu ta tsinci ledar a ƙasa, ta gane ta: daga injinta ta fito.

Ta ɗauko buta, ta durƙusa tana cuɗa harshen yarinyar da yatsa, har ta rasa gane wanne ke rina wani.