Akaifun Kawu

Baba ya riƙe hannun kawu a bakin kwano, bai bari ya taɓa tuwon ba.

"Juma'a nawa ta wuce ba ka yanke akaifun nan ba?"

"Na gitar ne, Yaya."

"To gitar ta ciyar da kai. Hannun nan ba ya shiga kwanona."

Ina gefen inna ina kallo. Kawu ƙanenta ne, tela a unguwar Maourey, a gidanmu yake zaune. Shekarar fari ce, soja ke mulki, jar dawar taimako da ake saukewa daga kamyo, manyan motocin kaya, ita muke tuƙawa. Kwano ɗaya na maza, ɗaya na mata. Babu na uku.

Gitar ɗin wani anasara ya bar masa da zai koma ƙasarsu, tare da kaset guda. Kiɗan biki kawu ya daɗe da iyawa, samarin unguwa har tafi suke masa. Amma na cikin kaset ɗin daban ne. Ba waƙa, ba ganga, ba wanda zai yi rawa. Tsirkiya ɗaya ce ke ɓari tana ta tafiya kamar ruwan gulbi. Ya ce wannan ba ya fita da tsokar yatsa, sai da akaifa, a tara ta a goge bakinta. Da na hannun hagu ne ba mai magana. To na dama ne, hannun ci, hannun gaisuwa.

Kawu ya ce zai ci da cokali. Baba ya ce, "Cokali a kwanon maza? Mu ba anasara ba ne." Inna ta shiga tsaka mai wuya. Nan miji, nan ƙane. Ƙanzon tukunya take kankare masa, shi ke nan abincinsa.

Ku ji gaskiya, kiɗan nan ba daɗi lokacin. Kullum bayan la'asar sai ya zauna jikin keken ɗinki, ya mai da kaset baya, ya saurara, ya kama. In ya zo wani wuri sai yatsan tsakiya ya makara, ya tsaya, ya koma farko. Har na san wurin. Wuyansa ya yi tsawo, wandonsa ma sai da ya rage masa ƙugu. Na ɗauka hauka ne. Sai da na tsufa na shiga yaƙi da jahilci, biro ya ƙi zama a hannuna, sannan na gane ba hauka ba ne.

Wata rana ya zo wurin nan ya wuce. Bai tsaya ba. Inna na tankaɗe, ta ajiye rariya. Baba na alwala, buta a hannu, bai zuba ruwan ba har kiɗan ya kai ƙarshe.

Da aka kawo tuwo Baba ya kira shi.

"Ka gama?"

"Na gama wannan."

"Madalla. Ga reza, yanke ka zo mu ci."

Kawu ya dubi tuwon, ya daɗe yana dubansa. Ya ce, "Yaya, akwai wani a bayan kaset ɗin, ya fi wannan wuya."

Baba ya ja kwanon gabansa. Da safe kawu ya ɗora kan keken ɗinki a ka, gitar a kafaɗa, ya bar gidanmu, ya haye gada zuwa unguwar Harobanda.