Kwalabe Shida a Ƙarƙashin Randar Hajja

Assalamu alaikum. Daga unguwar Mafoni a Maiduguri nake rubuto muku, ina roƙon a sakaya sunana. A lokacin da abin nan ya faru ni ɗan kasuwar ƙaro ne, ina saye a ƙauyuka ina turawa Legas, daga can a wuce da shi ƙasar Sin. Ba na fashin jam'i, kullum a sahun farko ake ganina. Mahaifiyata, wadda duk gidan muke kira Hajja, 'yar malamai ce. Ita ta kama hannuna ta koya mini rubutun ajami tun ban san boko ba, wannan wasiƙar ma da shi na fara rubuta ta.

Wata shekara mutumin Sin da ke sayen ƙarona ya gayyace ni ƙasarsu, ya karrama ni ƙwarai. Ana gobe zan dawo ya kai ni wani ɗaki mai sanyi a ƙarƙashin gidansa, ga kwalabe nan kwance jere-jere. Ta bakin tafinta ya ce jar giyar inabi ce da ake shigo musu da ita daga Turai, mutanensu sun shiga sayenta sosai, kuma mai kyau a cikinta in ta daɗe a wuri mai sanyi daraja take ƙarawa. Ya ware guda shida ya ce kyauta ce, in ajiye su shekara goma, in ba zan sha ba shi da kansa zai saye su da tsada. Na san hukuncinta sarai, na san la'anar ba ta tsaya kan mai sha kaɗai ba. Amma kunya ta hana ni cewa a'a, kwaɗayi kuma ya raɗa mini cewa ai ajiya ce kawai. Suka biyo ni a cikin kayan da na sayo.

Da suka iso sai neman wurin sanyi, wanda duk ya san bazarar Maiduguri ya san babu shi. Wuri ɗaya ne a gidanmu, yashin da ke ƙarƙashin randar Hajja, inda kullum take yayyafa ruwa. Ranar da ta tafi bikin suna a unguwar Dala na ɓare takardun jikin kwalaben, na liƙa nawa, na rubuta da ajami cewa maganin ciwon ƙashi ne daga Sin, kada a taɓa. A gidanmu duk abin da ke ɗauke da ajami kayan malamai ne, yara da mata ba sa kusantarsa. Na binne su, na mayar da randa. Na manta wadda ta koya mini rubutun.

Shekara biyu suna nan. Ina ƙauye wajen sayen ƙaro randar ta tsage, garin sauya ta Hajja ta tono su. A lokacin ciwon gwiwa ya matsa mata, a zaune take salla, abin yana damunta ƙwarai. Da na dawo ta tare ni da fara'a, tana mini faɗa cikin wasa, wai wane irin ɗa ne zai binne magani uwarsa tana kasa sujada. Ta ce da bakin wuƙa ta haƙe toshiyar, tana shan cokali ɗaya safe da yamma da bisimilla, ga tsami ga bauri, da ji ka san magani ne na gaske. Ta ƙara da cewa ta ba aminiyarta, wata tsohuwar maƙwabciyarmu, kwalba ɗaya.

Kwana uku ina neman mafita. Na je wurin wani malami a Yerwa, tsohon garin Maiduguri, na yi tambayar kamar ta wani ce. Ya ce wadda ba ta sani ba babu laifi a kanta, laifin yana wuyan mai rubutun. Ina iya zubarwa in yi shiru, amma na san za ta nemi a sayo mata wani, ga kuma ta hannun maƙwabciya. Bayan la'asar na durƙusa gabanta na faɗa mata komai. Ba ta ɗaga murya ba. Ta jawo butarta ta daɗe tana kurkure baki, sannan ta dube ni.

"Ɗana, da wani ne ya rubuta da na tambaya. Hannunka na gani."

Da kanta ta dogara sanda ta je ta karɓo kwalbar, har yau ban san abin da ta gaya wa aminiyarta ba. Na tuttule su duka a masai. Ta sa aka kwashe yashin nan aka zubo sabo. Daga baya da na gaya wa mutumin Sin ta waya, dariya ya yi, ya ce ai a zafinmu tun bazarar farko ta lalace, ko sisi ba za ta yi ba.

Hajja ta ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni, ta kuma ce ta yafe mini, Allah ya jiƙanta. Amma har ta koma ga Mahaliccinta, in na kawo mata magani ko daga asibiti ne, sai ta kira ƙanwata ta duba mata kafin ta sha. Ina tsaye za a karanta.

'Yan'uwana 'yan kasuwa masu fita waje, kunyar minti ɗaya ta a'a ta fi sauƙi a kan abin da na ɗauka. Haram ba ta zama ajiya don ba ka kai ta baki ba, kuma abin da ka ɓoye a gidanka, wanda ya fi yarda da kai shi zai fara cin karo da shi. Randar da aka sauya tana nan a rumfar Hajja. Ni nake yayyafa wa yashin ruwa yanzu, amma ban sake shan ruwanta ba.