Ranar da Ɗalibaina Suka Tare Hanyar Ruga

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi ina koyarwa a Tsarnawa, ba zan manta da wata safiya ta lokacin kaka ba, ana gab da roron wake.

Lokacin ban daɗe da fara aiki ba, ga ƙuruciya ga zafin kai. Kullum ina faɗa wa ƴan ajina, samari da ƴanmata masu tasowa, kada su jira sai sun girma kafin su amfani garinsu. "Ku duba abin da ke damun mutanenku, ku sa hannu," haka nake ce musu. Ni a zatona iyakarta su share kasuwa ko su dasa itatuwa.

Rannan da hantsi na shiga aji na tarar rabinsu ba su zo lakwal ba, wato makaranta. Wata yarinya ta ce, "Madam, shanu sun cinye gonar wake. Maza sun ɗauki sanduna za su rugar Fulani, ƴan ajinmu kuwa sun riga su tafiya."

"Su yi me?"

"Sun ce za su tare hanya."

Na tsayar da ɗan kabu-kabu, duk hanya ina addu'a, maganganuna na aji suna dawo mini ɗaya bayan ɗaya.

Na same su zaune a ƙasa, sun cika burtali, hanyar shanun da ta ratsa gonaki, da jakunkunansu a cinya. A cikinsu har da wani ɗalibina Bafulatani, ɗan rugar da za a je. Gabansu maza ne tsaye da sanduna, wasu da adduna. Mai gonar ne a gaba, ɗiyarsa kuma tana tsakiyar masu zaman.

"Ke, tashi ki ba mutane wuri!" ya daka mata tsawa.

"Baba, ka yi haƙuri. Ba mu tashi sai maigari ya iso, mun aika a kira shi."

Ya juyo ya dube ni. "Madam, ke kika koya musu wannan? In wani abu ya sami ɗiyata, ke zan riƙe."

Sai na zauna a gefen ɗaliban. Mutane sun ɗauka jarumta ce, ni kuwa tsoro ne ya zaunar da ni.

Sai ɗalibin nan Bafulatani ya miƙe ya ce, "Baba, shanunmu ne. Mahaifina bai gudu ba, ya ce a zo a duba ɓarnar." Bai rufe baki ba wani daga baya ya wurgo dutse, ya same shi a goshi. Jini ya wanke masa fuska. Ƴanmata suka sa kuka, amma ba wanda ya tashi. Na rufe ido, na ce shi ke nan, ta faru.

Da na buɗe, mai gonar na gani durƙushe gaban yaron, ya cire mayafin wuyansa yana danne ciwon. "Wa ya jefi yaro?" yake ta tambaya. Sanduna suka fara sauka ƙasa. Kafin maigari ya iso da jandarma, wasu har sun sulale gida. A ƙofar maigari aka sasanta maganar, yaron kuma aka yi masa ɗinki a gidan likita.

Na daɗe ina tunanin ko in kama bakina daga ranar. Ban kama ba. Abin da na gane shi ne, matasa ba sa ɗaukar maganar babba da wasa, ko da shi ya faɗe ta ne sama-sama. Har yanzu ina ce wa ɗalibaina za su iya gyara duniya, amma ina ƙarawa da cewa su faɗa mini inda za su fara, domin in kasance tare da su tun daga farko.