Gidauniyar da Na Shugabanta Daga Taman Melati

Shekarun baya, 'yan watanni kafin annobar korona, Allah Ya yi wa mahaifina rasuwa. A wurin zaman makoki muka ji abin da bai taɓa faɗa mana ba: duk shekara yakan biya wa wasu ɗaliban unguwarmu kuɗin jarrabawar kammala sakandare, ta hannun wani amininsa, tsohon hedimasta. Da aka raba gado, sai muka ware wani kaso domin aikin ya ɗore.

Hanya biyu ce a gabanmu. Ko mu miƙa kason ga gidauniyar ci gaban garinmu, ta buɗe asusu da sunan Baba, ta riƙa juya dukiyar, mu kuma mu tsaya ga ba da shawara. Ko mu kafa tamu ta iyali, wuƙa da nama a hannunmu. Yayata ta fi son ta farko. Ni kuwa, da yake ni ne mai digiri uku a gidan, na ce sunan Baba ba zai zama ɗan haya a gidan wasu ba. Na rubuta kundin dokoki, na naɗa kaina shugaba, na gindaya sharaɗin ba za a taɓa ko kwabo ba sai an gama rajista. Har takardun wasiƙa masu tambari na bugo, na taho da su Kuala Lumpur, inda nake koyarwa.

Sai korona ta zo, aka rufe iyakoki. Aikin rajista da na banki ya tsaya cak, domin sai na bayyana da kaina. Ga ni a unguwar Taman Melati inda nake zaune, iyakar tafiyata gidan abincin ƙasan bene da ake kira mamak, in yi tapau, wato a ƙunshe mini abinci, in dawo.

Wata safiya yayata ta kira.

"Ranka ya daɗe, shugaban gidauniya. An kusa rufe rajistar jarrabawa. Jirgi za mu jira?"

"Yaya, ki biya kawai. Na janye sharaɗin."

"In biya wa wa? Kana da sunayen yaran a kundin naka?"

Ba ni da su. Ban ma taɓa tambaya ba.

"Hedimasta ne ya san su," in ji ta, "kuma yana cikin kwamitin gidauniyar garin nan da ka ce ba ka so. Bana zan iya bin sawunsa. Baɗi fa? Ranar da ni da kai muka bi Baba, 'ya'yan nan naka masu amsa ni da yaren can, wai boleh lah, su ne za su san gidan da ake kwana da yunwa a unguwar?"

Matata tana kicin, amma na ji dariyarta.

Kwana biyu ina tambayar kaina: sunan wa nake karewa? Mutumin da ya shekara ashirin yana ɓoye nasa sunan bai bar mini wasiyyar tambari ba. A rana ta uku na amince a miƙa kason ga gidauniyar garin. Aka rubuta yarjejeniya cewa ribar asusun ta kuɗin jarrabawa ce kaɗai, yayata ta sa hannu a madadinmu, yaran kuma suka zauna jarrabawarsu.

Ban ce gidauniyar iyali aibu ba ce. Mai dukiya da yawa da mutane a kusa, ta fi masa. Mu ba mu da ko ɗaya. Kuma ba zan ɓoye ba, abin yakan ɗan sosa mini rai: bara na ba da shawarar a ƙara da rabon kwamfuta, kwamitin ya gode mini cikin ladabi, ya ƙi. Duk da haka hankalina a kwance yake, domin aikin ba ya jiran fasfona.

Takardun nan masu tambari kuwa ba su yi asara ba. A bayansu matata take rubuta mini cefane, kuma har yau ba su ƙare ba.